Ɗumi, Citta, Hulba da Kanwa: Wanne Mai Ciwon Mara Za Ta Fara da Shi?

A gidanmu, duk watan da ciwon mara ya kwantar da ƙanwata, magani huɗu ne ke isowa ɗakinta kusan a tare. Kakarmu takan sa a jiƙa jar kanwa a kofin silba, Inna ta ɗora tukunyar citta da kanumfari, maƙwabciyarmu ta aiko yaro da ƙullin hulba, sannan a tashi wani ya je kemis ya sayo ƙwaya. Ita kuwa tana dunƙule a kan katifa, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, gumi yana keto mata, duk abin da aka miƙo sai ta karɓa ta shanye, domin azaba ba ta ba mutum damar zaɓe. Idan ciwon ya lafa washegari, kowacce sai ta yi hamdala cewa nata ne ya yi aiki. Babu wadda ta yi haka da mugun nufi, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma shekara uku muka yi a haka ba mu san wanne ke taimakonta ba, wanne ke ƙara mata tashin zuciya. Waɗannan magunguna ba darajarsu ɗaya ba, kuma mai fama da ciwon tana da haƙƙin ta san wanda ya fi ƙarfin hujja, wanda ya fi sauri, da wanda ya kamata ta ajiye.

Kafin a auna su sai an san abin da ake yaƙa. Idan wata ya zagayo ba a samu ciki ba, shimfiɗar da ke cikin mahaifa takan saɓule ta fita a matsayin jinin al'ada. A daidai lokacin nan shimfiɗar tana fitar da wasu sinadarai da likitoci ke kira furostagilandin, su ne ke sa naman mahaifa ya riƙa murɗawa yana matsewa don ya turo jinin waje. Idan suka yi yawa, matsewar takan yi ƙarfi har ta danne ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da mahaifar, naman ya rasa isasshen jini na ɗan lokaci, sai ciwo ya taso daga mara ya sauka baya da cinyoyi. Su ne kuma ke haddasa amai da gudawa da ciwon kan da wasu ke yi. Sun fi yawa a rana ta farko da ta biyu, shi ya sa ciwon kan fara kaɗan kafin zuwan jini ko tare da shi, ya lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku ko da ba a sha komai ba. Saboda haka maganin da aka sha a daren rana ta biyu yakan samu yabon da ba nasa ba.

A cikin duk abin da ake iya yi a gida, ɗumama mara shi ne na sa a gaba, ba tare da wani kokwanto ba. Ɗumi yana sassauta naman da ya ɗaure, yana buɗe hanyoyin jini, kuma jin ɗumin a fata yana rage ƙarfin saƙon ciwo da ke isa ƙwaƙwalwa. A shekarar 2001 an buga wani bincike da aka yi a Amurka kan mata 80 da 'yan kai, inda aka liƙa wa wasu wani ƙyalle mai fitar da ɗumin da ya kai kimanin digiri 39 a ƙasan ciki na tsawon awa 12 a rana, aka ba wasu ƙwayar maganin ciwo ta ibufurofen mai nauyin miligiram 400 sau uku a rana, wasu kuma aka haɗa musu biyun. Ɗumin shi kaɗai ya rage ciwo daidai da ƙwayar, waɗanda aka haɗa wa biyun kuma sauƙi ya fi zo musu da wuri. Wani binciken na 2004 ya nuna irin wannan ɗumi ya fi farasitamol tasiri.

Abin lura a nan shi ne irin ɗumin da aka gwada. Digiri 39 ɗumi ne mai sauƙi, kaɗan ya ɗara zafin jikin mutum, ƙarfinsa yana cikin daɗewarsa. Mu kuwa abin da muka saba shi ne a tsoma tsumma a tafasasshen ruwa a danna wa yarinya a ciki tana ihu, bayan minti goma ruwa ya huce a ce an gama. Wannan yana iya ƙona fata, amfaninsa kuma gajere ne. Abin da ya fi shi ne a cika gora mai kauri ko jakar roba ta ruwan zafi da ruwan da hannu zai iya jurewa, a toshe bakin sosai, a naɗe da tawul ko zane, a ɗora a mara ko a ƙugu, a ajiye filas kusa don sauya ruwan idan ya huce. Ba a zuba tafasasshen ruwa a gorar ruwan sha ta roba, domin takan lanƙwashe ta tsiyaye. Inda babu gora, gishiri ko tsabtataccen yashi da aka ɗumama a kasko aka ƙulle a ƙyalle mai kauri yana riƙe zafi na wani lokaci. Kada a yi barci da abu mai zafi a jikin fata, kada kuma a shigo da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, saboda iskar da gawayi ke fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Ɗumi ba ya taɓa ciki, ba ya karo da wani magani, mai olsa da mai shayarwa duk za su iya yi, kuɗinsa kuma bai wuce na itace ko gawayin tafasa ruwa ba. Rauninsa biyu ne. Na farko, yana ɗaure mutum wuri ɗaya, ɗalibar da ke zauren jarrabawa ko malamar da ke tsaye gaban allo ba za ta rungumi gora ba. Na biyu, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ɗora abu mai ɗumi a jiki tsawon awanni wahala ce ta daban, sai dai a bari sai dare ko sanyin asuba.

A nan citta ke shigowa, domin ita ana tafiya da ita a cikin ciki. A cikin kayan ƙamshin da ke madafinmu, ita ce aka fi gwadawa a kan wannan ciwo, kuma dalilin aikinta a fili yake, tana ɗauke da sinadaran da ke rage ƙera furostagilandin, wato tana bin hanyar da ibufurofen ke bi, ko da yake ƙarfinsu ba ɗaya ba. A 2009 an gwada ta a Iran kan ɗalibai mata 150 da aka kasa uku. Kashi ɗaya ya sha garin citta miligiram 250 sau huɗu a rana na kwana uku daga ranar da jini ya fara, sauran kashi biyun suka sha magungunan asibiti iri biyu, kuma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu ba. Wani nazari na 2015 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna adadin da ya yi amfani yana tsakanin miligiram 750 zuwa 2,000 na garin citta a rana, a kwana uku ko huɗun farko.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje 27 a 2016 kan tsirrai da sinadaran ƙarin abinci da ake sha don ciwon mara, waɗanda suka ƙunshi mata 3,101, kuma 22 daga cikin gwaje-gwajen a Iran aka yi su. Ta sa citta cikin waɗanda ake ganin alamar amfaninsu, amma ta ce hujjar ba ta da ƙarfi, saboda gwaje-gwajen ƙanana ne kuma tsarin wasunsu yana da rauni. Abin da na fahimta daga nan shi ne citta ta cancanci a gwada ta da kyakkyawan zato, amma ba a yi wa yarinya alkawarin cewa za ta raba ta da ciwon ɗungurungum ba.

Yadda ake shanta shi ne inda aka fi kuskure. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafaffe ba tsororo ba, na garin busasshiyar citta ya kai kusan giram 2, wato iyakar abin da aka gwada na yini guda. A raba shi uku, a zuba a ruwan zafi ko kunu ko shayi, safe da rana da dare, bayan an ɗan ci wani abu. Wadda al'adarta ke zuwa a kan lissafi za ta iya farawa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, domin tun ran gini ran zane, hana sinadarin taruwa ya fi sauƙi a kan korarsa bayan ya taru. Lemon cittar da ake sayarwa a gora, wanda rabinsa sukari ne da ruwa, ba shi ake nufi ba. Gara kuma a sayi cittar ƙwaya a wanke a shanya a daka a gida, don a san abin da ke cikin garin. Citta ba baƙuwa ba ce a wurinmu, Kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Jaba da Kagarko, shi ne cibiyar nomanta a Nijeriya, ko da yake cutar da ta afka wa gonakin yankin a 2023 ta sa ta yi tsada ƙwarai. Duk da haka abin da ake bukata na kwana uku bai wuce cokali uku ba.

Inda citta ta ɗara ɗumi shi ne wajen tashin zuciya, domin amfaninta a nan ya fi tabbata ma a kan amfaninta ga ciwon kansa. Inda ta gaza shi ne ciki, tana tayar wa wasu ƙwannafi da zafin ƙirji, musamman idan aka sha da yawa ko ba a ci komai ba. Mai olsa ta fara da kaɗan ta ga yadda cikinta zai karɓa, mai shan maganin tsinka jini kamar wafarin kuwa kada ta mayar da ita magani sai ta tambayi likitanta.

Hulba tana da farin jini a wurin matanmu fiye da yadda hujjarta ta kai. Tana cikin waɗanda nazarin 2016 ya ambata da alamar amfani, amma gwaje-gwajenta ba su kai na citta yawa ba. Tana sa gumi da fitsari su ɗauki warinta, tana kumbura wa wasu ciki ko ta sa su gudawa, tana kuma saukar da sukarin jini, abin da ya kamata mai shan maganin ciwon sukari ta sani. Wadda jikinta ba ya karɓar gyaɗa ta yi hattara, domin danginsu ɗaya. Abin da ya fi damuna game da ita shi ne matar aure da al'adarta ta yi jinkiri, mara tana murɗa mata, sai ta dafa hulba mai kauri wai don jinin ya sauko, alhali wataƙila ƙaramin ciki ne. Ba a shan hulba da yawan da ake sha don magani idan akwai yiwuwar ciki, gwajin fitsari na kemis ya kamata ya riga ta. Kirfa ma an gwada ta, ta fi ƙwayar da babu magani a cikinta, wadda ake ba wasu don kwatanci, amma ba ta kai ibufurofen ba, kuma nau'in da ya fi yawa a kasuwannin duniya yana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Ɗan ɓarin kirfa da ƙwayar kanumfari biyu a tukunyar citta suna gyara ɗanɗano, a nan nake ganin matsayinsu.

Kanwa ce na sa a ƙarshe, kuma na san wannan ba zai yi wa iyayenmu daɗi ba. Kanwa gishiri ce mai yawan sodiyam, dangin hodar da ake kira baking soda, tana kashe tsamin ciki ta sa gyatsa, don haka wadda cikinta ya cushe takan ji wani sakayau bayan ta sha, sai a ɗauka marar ce ta saki. Ba ta da wata hanya ta rage sinadarin da ke murɗa mahaifa. Abin da take yi tabbas shi ne loda wa jiki sodiyam, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa ya kuma ɗaga hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yawaita a yankin, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai al'ada ba mai jego ba ce, kuma ɗan abin da ake jefawa a miyar kuka ko wake ba shi ake magana ba. Amma jiƙa dunƙulen kanwa a kofi ana ba yarinya duk wata, shekara da shekaru, ɗaukar kasada ce a kan amfanin da bai tabbata ba, balle ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda. Haka nake kallon ƙulle-ƙullen garin da ake tallatawa a WhatsApp da sunan maganin mara ko na sanyi, wanda mai sayarwa ba ya faɗin abin da ya haɗa. Abin da ba a san sunansa da adadinsa ba, ba a iya kwatanta shi da komai.

Akwai hanya ɗaya da ba a shanta ba a kuma ɗora ta a ciki, ita ce motsa jiki, kuma aikinta ya bambanta da na sauran domin ba ranar ciwo ake fara ta ba. Nazarin Cochrane na 2019 ya nuna motsa jiki na minti 45 zuwa 60, sau uku ko fiye a mako, yana iya rage tsananin ciwon da kimanin maki 25 a ma'auni mai maki 100, ko da yake nan ma an ce hujjar tana bukatar ƙarin ƙarfi. Tafiya da sauri, tsallen igiya a tsakar gida, ko miƙe-miƙen jiki a ɗaki duk suna cikin lissafi. Sai an yi wata biyu ko uku kafin a yi mata hukunci, wanda shi ne abin da ke sa da yawa su watsar. Maganar cewa shan zaƙi ne ke kawo ciwon mara kuwa, rage sukari alheri ne ta fuskoki da dama, amma akwai 'yan matan da ba su damu da zaƙi ba kuma suna kwanciya duk wata, bai kamata a ɗora wa mai ciwo laifin ciwonta ba.

Kwatancin ba zai cika ba sai an ajiye ƙwayar kemis a gefen waɗannan, tunda ita ce ma'aunin da ake gwada su da shi. Nazarin gwaje-gwaje 80 da aka fitar a 2015 ya nuna idan mata 18 cikin 100 suka samu sauƙi mai kyau da ƙwayar da babu magani a cikinta, to tsakanin 45 zuwa 53 ne ke samu da dangin ibufurofen. Babu wani maganin gida da ke da tarin hujja irin wannan. Illarsu tana kan ciki da ƙoda, don haka ba a shansu da yunwa, ba na mai olsa ko ciwon ƙoda ba ne, kuma ba a haɗa biyu daga gida ɗaya. Felvin da Ponstan da ibufurofen da dikulofenak duk dangi ne, wadda ta haɗiye biyu ko uku a tare ta ninka haɗarin gyambon ciki ba tare da ta ninka sauƙi ba. Tsoron da ya yaɗu cewa shan maganin ciwo na kwana biyu ko uku a lokacin al'ada yana hana haihuwa nan gaba ba shi da tushe, kuma ya sa 'yan mata da yawa jure azabar da ba dole ba.

Da za a tambaye ni tsari, zan ce wadda ciwonta matsakaici ne kuma tana gida ta fara da ɗumi tun murɗawar farko, ta ƙara da citta idan cikinta yana karɓa. Ɗaliba da ma'aikaciya su dogara da citta da aka fara da wuri, su tafi da ita a filas, su bar ɗumi sai sun dawo. Mai olsa ɗumi da motsa jiki ne nata, da farasitamol idan ta bukata, ko da yake shi bai kai dangin ibufurofen ƙarfi a wannan ciwo ba. Mai amai citta ta fi mata komai. Matar da ke neman haihuwa kuma ba ta tabbatar jinin al'ada ba ne, ta tsaya a ɗumi mai sauƙi har ta yi gwaji. Wadda kuwa ciwon ke hana ta makaranta ko aiki duk wata, kada ta ga shan ƙwaya a matsayin gazawa, ɗumi da ibufurofen tare su ne suka fi saurin kawo sauƙi a binciken da na ambata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ba za a gane wanda ya karɓa ba idan aka zuba duka a rana ɗaya. A gwada abu guda ko biyu na wata biyu zuwa uku, a rubuta a ɗan littafi ranar da ciwo ya fara, abin da aka yi, da tsananinsa daga 1 zuwa 10. Da muka yi wa ƙanwata haka, sai muka gano gorar ɗumi da cittar da take farawa tun jajibiri su ne ke tsayar da ita da ƙafafunta, ruwan kanwar kuwa shi ne ke tayar mata da amai.

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi ciwon mara na asali ne, wanda yakan fara cikin shekara ɗaya ko biyu da fara al'ada, yake zuwa da jini ya tafi da shi, kuma sau da yawa yake raguwa da shekaru ko bayan haihuwa. Akwai wani iri da ke da cuta a ƙarƙashinsa, shi kuwa citta da ɗumi rufe shi kawai za su yi. Ciwon da ya fara wa mace bayan ta shekara 25 alhali da ba ta yi, ko yake ƙaruwa wata bayan wata, ko yake farawa kwanaki da yawa kafin jini ya kuma zarce bayan an yi wanka, ko yake zuwa da zafi lokacin saduwa ko bayan gida, na asibiti ne. Haka jinin da ke wuce kwana 7, ko yake cika audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko yake zuwa da manyan gudaji, da kuma zazzaɓi ko fitar ruwa mai wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190, suna da endometiriyosis, cutar da nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifar, kuma mata kan yi shekaru kafin a gano ta, saboda ana ce musu haƙuri za su yi ko kuma aure zai warkar da su. Ƙarin mahaifa da ake kira faiburoyid da ciwon sanyin da ya haura mahaifa su ma suna zuwa da wannan kama. Idan kuwa al'ada ta yi jinkiri sannan aka ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma ko ɗigar jini, wannan yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma ba a jira gari ya waye. Ɗan littafin nan da aka rubuta ranaku a ciki, a tafi da shi a miƙa wa likita ko ungozomar asibiti.